Ranar Da Na Tona Asirin Baba

"Sun ƙi," na ce, na miƙa wa Abdulilah wayata ya karanta saƙon da kansa.

A bakin ƙofar gidanmu na unguwar Shisha a Makka muke tsaye bayan la'asar, shi a kan matakala, ni riƙe da ƙofa saboda kunnena yana ciki wurin Baba.

"Kamar yaya sun ƙi? Mutumin da rabin jikinsa ya shanye?"

"Sun ce yana iya hidimar kansa."

"Wa ya gaya musu haka?"

"Shi."

Abdulilah ya shafa fuskarsa. Shekara biyu da sa mana rana. An mayar da aikinsa garin Jubail mai nisa, ya kama gida, har labule ya turo mini hoto na zaɓa. Ni kuwa ina nan, tun ranar da Baba ya faɗi a banɗaki. Ummi ta rasu, yayana Rakan yana Riyad da iyalinsa, saƙon murya kawai nake samu daga gare shi.

"Shaima, ya ruhi... har yaushe?"

"Ban ɗaure ka ba. In ka gaji ga hanya."

"Kullum sai kin yanke ni da wannan bakin naki."

"Da shi ka gan ni."

Ya ce zai jira har a sauko daga Arfa. Na ce ya yi yadda ya ga dama, na rufe ƙofa. Sai da takunsa ya ɓace na zauna a ƙasa.

Abin da nake nema a wurin gwamnati ba boyayye ba ne. Idan kwamitin likitoci ya tabbatar da nakasar mutum, ana ba shi katin shaida, da keken guragu, da tallafin wata, a kuma sauƙaƙa masa ɗauko ma'aikacin jinya. Wannan na ƙarshen nake so. Namiji, mai ƙarfi, wanda zai ɗaga Baba ba tare da Baban ya rufe idonsa don kunya ba.

Ni na cike takardun a waya, ni na bi asibiti na karɓo rahoto. Na yi jami'a, Larabcin ofis bai taɓa ba ni tsoro ba. Amma ranar ganin kwamiti, Baba ya sa na goge masa farar jallabiya, ya fesa turare. Likita ya ce da Larabci, "Ya Ammi Mahmudu, yaya jiki?" Baba ya ce, "Alhamdulillahi." Kana cin abinci da kanka? Alhamdulillahi. Wanka fa? Alhamdulillahi. Har ya dafa tebur ya miƙe tsaye, gumi na zuba, yana murmushi da rabin bakinsa.

Na kawar da kai. An koya mini ba a ƙaryata uba a gaban baƙi. Kuma na san ko waye shi: shekara talatin yana tura tsofaffin alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa. Na ɗauka girman kai ne ya hana shi yarda a tura shi.

Na ɗaukaka ƙara. Wata biyu ina jira, ina ɗagawa, ina wankewa, ina shanya zannuwa a baranda ta baya inda maƙwabta ba za su ƙirga ba. Ƙawayena sun daina kira, ni ma ban neme su ba. Wata maƙwabciyarmu, Inna Shatu, ta ce, "Allah sarki, ƙuruciyarki ta tafi a jinya." Na ce mata ƙuruciyata ce, ban ara a wurin kowa ba.

Ranar komawa gaban kwamiti karo na biyu, likitoci uku ne, ɗaya mace. Baba ya fara, "Alhamdu..."

"Likita, ni zan amsa."

"Uwata," in ji Baba a hankali. Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana tun ina goyo. "Zauna."

Ban zauna ba.

"Ba ya iya juyawa a gado. Ba ya riƙe cokali sai ya zubar. Ba ya riƙe fitsari." Na dubi likitar. "Ni nake kai shi banɗaki. Ni nake masa tsarki, wata goma sha huɗu. Ku rubuta."

Likitar ta rubuta. Baba bai kalle ni ba, bangon yake kallo.

A cikin tasi bai ce komai ba. A gida ma haka.

Kati ya fito. Aka kawo keke da gado mai ɗagawa. Kafin azumi ma'aikacin jinya ya iso, wani dattijo ɗan Sudan mai faɗin kafaɗa, wanda yake ɗaga Baba kamar jariri yana ba shi labarin garinsu Omdurman. Ina jin su suna dariya daga kicin. Da na shigo da shayi sai ɗakin ya yi tsit.

Idan Baba yana son abu, sai ya ce wa mutumin, "Ka ce wa yarinyar nan..." Yarinyar nan. Na ci nasara, kuma ban taɓa zama ni kaɗai irin na wannan lokacin ba. Hannuwana ba su da aikin yi. Abdulilah yana turo saƙo, ina karantawa ina kifa wayar. Ta yaya zan ce masa ya zo ya nemi albarkar mutumin da ba ya ko kiran sunana?

Ban ba da haƙuri ba. Ban yi ƙarya ba, me zan ba da haƙuri a kai?

Ana saura kwana tara Arfa, da hantsi, ɗan Sudan ya fita sayo magani. Na shiga ɗaukar kofuna.

"Uwata."

Na ajiye kofin da na ɗauka.

"Na'am, Baba."

"Kin ɗauka kunya ce ta sa na yi musu ƙarya."

"Ba ita ba ce?"

"Da ita." Ya juyo ya kalle ni. "Amma na iya lissafi... na san ranar da suka ba ni mutum, ke kin tafi."

Na durƙusa a gefen keken. Duk tsawon watannin nan ina faɗa da girman kansa, ashe tsoro ne kwance a gadon.

"To na zauna, Baba. Halas, shi ke nan. Jubail ba Aljanna ba ce."

"In kin zauna ban yafe ba."

"Baba..."

"Na cinye miki fiye da shekara guda da sanina. Ba zan ƙara ba. Kira yaron nan, kafin wata mai sanyin baki ta ɗauke shi."

Na yi dariya, hawaye na shiga bakina. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina, ya bar shi a nan har ɗan Sudan ya dawo.

Bayan Hajji aka ɗaura aure. Rakan ya zo ya kwana biyu.

Ranar tafiya na gama haɗa akwatuna, na shiga ɗakin Baba in yi sallama. Gado a gyare, babu keke, babu kowa. Inna Shatu ce ta leƙo ta ce tun ƙarfe tara ya sa aka fita da shi.

Na zagaya ɗakunan ni kaɗai. Na duba maganinsa, na rubuta lokutan a takarda na manna a firji, duk da na san mutumin ya haddace su. Na kashe fitila, na ja ƙofa.

Motar Abdulilah ta biyo ta gaban masallacin unguwa. Ba lokacin salla ba ne, ƙofar a buɗe, ciki babu kowa sai mutum ɗaya a sahun gaba, zaune a keke, ya ba titi baya. Na gane ƙeyarsa. Ɗan Sudan yana tsaye a waje, ya ɗaga mana hannu.

"In tsaya, habibti?" in ji Abdulilah.

Na san in na shiga, ɗayanmu zai karya maganarsa: ko ni in fasa tafiya, ko Baba ya ce in zauna.

"Kar ka tsaya," na ce. "Ka dai tafi a hankali."