Ɗan Kokowar da Bai Rama Mari Ba

"Ke ce uwar yaron nan?"

Tun kafin in gama shiga ɗakin daraktan lakwal, makarantar da ɗana yake, muryar ta tare ni. Na ɗaga kai... na ƙara ɗagawa! Wani ƙaton mutum ne, kafaɗunsa sun kusa cika ƙofa. Wata 'yar yarinya na maƙale da ƙafarsa, leɓenta a kumbure, kitson kanta a karkace kamar a cikin mota aka yi shi tana gudu.

A gefe ga Khalid ɗina, ɗan shekara bakwai, ya sunkuyar da kai.

"Ni ce," na faɗa ina haki, don daga gidan likita aka kirawo ni, inda nake aikin ungozoma. "Me ya faru?"

"Madam Lubna," in ji darakta, "Khalid ne ya mari Sakina don ta hana shi balo, ƙwallon da suke wasa da ita. Wannan shi ne mahaifinta."

Raina ya ɓaci, kunya ta rufe ni. Ban san lokacin da na ɗaga hannu kan Khalid ba.

"Madam! Don Allah kada ki dake shi."

Na juyo a fusace. "Malam, ɗanka ne ko nawa?"

"Naki ne."

"To ina ruwanka?"

"Ruwana 'yata ce ya mara. In kika mare shi don ya yi mari, gobe ma zai sake. Zai dai jira ya ga babu babba a kusa."

Na sauke hannuna. Mutumin ya durƙusa har ya zo daidai tsayin Khalid, ya sassauta murya.

"Abokina, me ya sa ka mare ta?"

Khalid ya turo baki. "Ai mace ce. Baba ya ce mace ba ta jin magana sai da duka."

Na lalubi kujera na zauna.

Khalid yana ɗan shekara biyar na bar gidan ubansa Idris, da karyayyen haƙori da ido a kumbure, na koma gidanmu a Zango. Ina zaton na gudo da yarona kafin ya ga komai. Ashe ya gani, ya kuma haddace!

Hawaye suka zubo mini a gaban baƙon mutum. Ya kawar da kai kamar bai gani ba, har na share.

"Sunana Suma'ila, amma Mai Nasara aka fi sanina," ya ce. "Da yamma ina koya wa yara kokowa a wani fili a Birni. Ki kawo mini shi."

"Kokowa?! Yaro mai duka za ka ƙara wa ƙarfi?"

Ya yi murmushi, wata 'yar wushirya ta bayyana. "Ki zo ki gani da idonki, Madam."

Don in ƙaryata shi kawai na je. Wallahi don haka kawai!

Fili ne mai yashi a gindin manyan duwatsun Birni, yara maza cike da shi. A da Mai Nasara yana cikin 'yan kokowar da ke wakiltar Damagaram, ciwon gwiwa ya sa ya bari ya koma dukanci, sana'ar gidansu. Matarsa ta rasu tun Sakina na goye, shi kaɗai yake rainonta.

Kafin a fara, sai na ga yaran sun ɗauki tsintsiya suna shara. Khalid ya noƙe.

"Shara aikin mata ne!"

"Haka ne?" Mai Nasara ya karɓi tsintsiya ya duƙa. "To yau ni ma mace ce."

Yaran suka fashe da dariya. Khalid ya kalli ƙaton nan yana shara, ya kalle ni, sannan a hankali ya miƙa hannu ya ɗauki tasa.

Dokokin filin ba su da yawa. Wanda ya kayar, shi zai miƙa hannu ya tayar da wanda ya kayar. Wanda ya ji haushi ya faɗa da baki. Wanda aka kawo ƙararsa ya daki mace ko na ƙasa da shi, zai zauna a gefe yana kallo har sai ya je ya ba da haƙuri.

Ranar Khalid bai taka yashi ba. Yana zaune yana cika yana batsewa har aka kusa tashi. Can ya miƙe ya je gaban Sakina, wadda ta biyo babanta filin.

"Ki yi haƙuri..."

"Ban ji ba!" in ji ta, ta riƙe ƙugu.

"KI YI HAƘURI!"

"To na haƙura. Amma balo ɗin nawa ne."

Na yi dariyar da na daɗe ban yi irinta ba. Da na juyo, na kama babanta yana kallona, ya yi sauri ya mayar da ido kan yara.

"Baban Sakina, wa ke yi wa yarinyar nan kitso?"

Ya sosa ƙeya. "Ni ne..."

"Innalillahi! Ka ci amanar kan nan. Ka kawo mini ita ran Lahadi."

Daga kitson Lahadi abin ya fara. Yakan kawo ta, ya tsaya a zaure su gaisa da Inna, mahaifiyata. Wata rana ya zo da alkaki, wata rana da 'yar jakar fata da ya ɗinka da hannunsa, an rubuta sunana a jiki da jan zare. In salulata ta yi ƙara na ga sunansa, sai zuciyata ta hau bugawa kamar 'yar lise, budurwar sakandare!

Khalid kuwa ya fara canzawa, ko da yake ba a rana ɗaya ba. Ya sake ture wata 'yar maƙwabta, ya sha zaman gefe yana kuka. Amma wata safiya na fito na tarar yana taya Inna wanke kwanoni. Wani yammaci kuma ya shigo fuska a murtuke ya ce, "Mama, na ji haushinki, kin ce za ki zo fili ba ki zo ba!" Na rungume shi kamar ya kawo mini kyauta.

Bayan damina Mai Nasara ya tsayar da ni a zaure. Ƙaton nan da ke ɗaga maza sama, sai ga shi yana murza hula a hannu.

"Lubna... ni ban iya zance ba."

"Na lura."

"Ina sonki. In na gan ki sai gwiwar tawa mai lafiyar ma ta ƙi ɗaukata. Ki yarda in turo magabatana."

Na rufe fuska da mayafi, dariya da hawaye suka haɗe mini. "Ka turo, Mai Nasara... ka turo da wuri!"

Farin cikin bai yi nisa ba. Labari ya kai kunnen Idris, ya aiko wa yayana Hamisu da saƙo: yaro ya kai shekara bakwai, zai karɓi abinsa. In kuwa ina son zama da ɗana, to in yarda a mayar da aurenmu.

"Ki koma, Lubna," in ji Yaya Hamisu. "Ya ce ya shiryu. Kuma wane namiji ne ba ya da zafi?"

"Yaya, haƙorina fa ya karya!"

"Ya wuce. Kina so ki rabu da ɗanki saboda wani baduku?"

Inna kuwa hawaye kawai take sharewa da bakin zane.

Na kira Mai Nasara ina kuka. "Ka dakatar da magabatanka. Ba zan iya rayuwa babu Khalid ba... kuma in ya tafi can shi kaɗai, duk abin da ka koya masa zai rushe."

Ya amsa mini a hankali.

"Ba zan ce ki zaɓe ni ki bar ɗanki ba, masoyiyata. Amma ina roƙonki, ko ba ni za ki aura ba, kada ki koma inda za a dake ki. Yaron zai ci gaba da gani."

"To ya zan yi?"

"Ban sani ba tukuna. Mu roƙi Allah."

Ran Asabar da la'asar, ba sanarwa, Idris ya zo da mahaifiyarsa Hajiya don a yanke magana. Hajiya ta shigo wurin Inna, shi ya tsaya a ƙofar gida da Yaya Hamisu. A daidai lokacin Mai Nasara ya dawo da Khalid daga fili a kan babur, bai san da baƙi ba.

Ihun Khalid ne ya fito da mu a guje. Idris ya damƙi hannunsa yana ja.

"Wuce mu tafi! Ɗana ne za a mayar ɗan shara?"

"Baban Khalid, sake shi, kana ji masa ciwo!" na ce, na riƙo yaron.

"Ke har kin isa ki gaya mini?!"

Na ga hannun ya tashi. Na san hannun nan. Na runtse ido...

Tas!

Ban ji zafi ba. Na buɗe ido na ga bayan Mai Nasara a gabana kamar bango. A kuncinsa marin ya sauka.

Unguwa ta ɗauka! Samarin da ke shan shayi a fadarsu ta bakin titi suka taso a guje.

"Kai! Mai Nasara aka mara?"

"Ɗaga shi sama! Nuna masa!"

Har Khalid, yana kuka yana cewa, "Ka kayar da shi! Ka kayar da shi!"

Na ga jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Na san da hannu ɗaya zai iya nannaɗe Idris. Sai ya mayar da hannayensa biyu baya, ya harɗe su.

"Malam Idris, na ji zafin marin nan, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Amma ba zan taɓa ka ba. Ɗanka yana kallonmu. Ita kuma ba za ka dake ta ba, ko yau ko gobe."

Idris ya tsaya da hannu a sama, ya rasa inda zai kai shi.

Khalid ya share hawaye ya matso. "Baba... in ka ji haushi ka faɗa da baki. Ba a dukan Mama."

Sai muka ji salati daga zaure. Hajiya ce, ta dafa bango.

"Idris, sauke hannunka." Ta tako a hankali har gabansa. "Ka rantse mini ka daina. Ashe ƙarya ka yi mini."

"Hajiya, ita ce ta..."

"Rufe mini baki! Kana kamar yaron nan ka fara marin ƙannenka mata, ni kuma ina dariya ina cewa namiji ne. Ga abin da dariyata ta haifa." Ta juyo gare ni, idanunta jawur. "Lubna, riƙe ɗanki. Ya riƙa zuwa mini hutu, ubansa ya gan shi a gabana. Jikana ba zai tashi yadda na tayar da wannan ba. Wanda bai yarda ba ya zo ya same ni."

Idris ya hau babur ɗinsa ya tafi bai waiwayo ba. Na faɗa jikin Hajiya ina kuka, ita ma tana yi.

Can Yaya Hamisu ya miƙa wa Mai Nasara hannu.

"Malam Suma'ila... gobe magabatanka su zo. Ni zan tarbe su."

Guɗar da Inna ta rangaɗa, ban taɓa sanin tana da irin wannan murya ba!

Bayan Sallah babba aka ɗaura. Zango ta cika, Birni ta cika! Abokan aikina suka zo da ankonsu, tsofaffin 'yan kokowa suka zo da makaɗansu, yaran fili kuwa su suka yi ta rabon bisap, wato zoɓo, da ɗaukar kujeru. Hajiya da kanta ta aiko da turaren wuta.

Da aka zo kai ni, Inna ta riƙe hannuna tana yi mini nasiha, na kasa tsayar da kuka. Har muka isa gidan ina sheshsheƙa a cikin lulluɓi, Sakina na riƙe da gefen mayafina tana gaya wa kowa, "Mamana ce! Mamana ce!"

Da mutane suka ragu, ango ya shigo cikin farar babbar riga. Kafin ya ƙaraso, Khalid ya sha gabansa, ya ɗaga kai yana kallonsa ido cikin ido.

"Baba Mai Nasara, ina da magana."

Ya durƙusa. "Ina jinka, abokina."

"Na ba ka Mamana. Amma kada ka sa ta kuka. Ko sau ɗaya!"

"Na yi maka alkawari, da yardar Allah."

Khalid ya leƙo ƙarƙashin mayafina, ya zaro ido. "To ai ga shi tana yi!"

Na jawo shi, na jawo Sakina, na haɗa su a ƙirjina ina dariya, hawaye na zuba.

"Wannan na daɗi ne, ɗana," na ce. "Bar ni in yi shi... na daɗe ina jiransa."