Mijina Ba Zai Sa Hularku Ba

"Kalli mijinki! Kalli abin da mijinki ya ja mana!"

Auta tana bayan kanta a kantin maganin da take aiki, tana ɗaure wa wata tsohuwa maganin hawan jini, sai ga Yaya ya faɗo ba ko sallama, ya dangwara mata waya a kan gilashi. Babban wanta ne, kuma tun da aka fara kamfen ɗin zaɓen shugaban ƙasa ba ya fita sai da hula mai hoton Dattijo.

"Yaya, a wurin aiki nake fa..."

"Na ce ki kalla!"

Ta kalla. Mijinta ne a ƙofar shagonsa na gyaran firji, hannu duk baƙin mai, wata 'yar jarida tana tambayarsa wa zai zaɓa, Dattijo mai ci ko Lauya ɗan adawa. Ya yi dariyar nan tasa ta gefen baki, ya ce, "Wancan karon Dattijo na ba, ya ba ni kunya. Bana Lauya zan yi. Duk wanda zai sake zaɓen Dattijo kuwa, sai dai a kai shi asibitin ido."



Tsohuwar ta leƙo wayar, ta tafa hannu. "Yaron nan ya faɗi gaskiya, Allah ya yi masa albarka!"

"Iya, ba da ke nake ba!" in ji Yaya, ya juyo kan Auta. "Gari duk ya gani. Abokan Baba sai kiransa suke suna tambayarsa yaushe za a kai shi asibitin. Ya ce ki zo gida ranar hutunki, ke da shi."

Ya fizgi wayarsa ya fice.

Garin dama a tsage yake. A motar haya ba a gama tafiya sai an yi cacar baki. Mutane sun fara zaɓar mai aski da mai shago gwargwadon hoton da ya manna a bango. Kullum rediyo sai ta ce an ji ra'ayin jama'a, 'yan takarar biyu kankankan suke, kowane ɓangare kuma ya rantse ƙarya ake yi masa. Ita kanta Auta 'yar ɓangaren Dattijo ce ta gani-kashe-ni, don a idonta aka sauƙaƙa maganin yara a mulkinsa. Amma ita da mijinta sun yi alkawari tun kafin aure: siyasa ba ta hawa tabarmar cin abincinsu.

Tana tashi daga aiki ta wuce shagonsa. Ta same shi a tsugune bayan wani tsohon firji yana hura masa gas.

"Likita! Yau kuma ziyarar bazata?"

"Kar ka Likita ni, Injiniya. Ni ce za a kai asibitin ido?"

Ya ajiye abin hannunsa, ya miƙe a hankali. "Kin gani ke nan..."

"Wa ya rage bai gani ba?"

"Wallahi zuciyata, bakina ne ya riga tunanina. Ta tare ni ina cikin fushi, tun safe babu wuta, aiki ya tsaya mini. Ban tuna da Baba ba, ban tuna da ke ba."

"To yanzu ka tuna."

"Na tuna." Ya goge hannu da tsumma, ya dube ta. "Maganar ido, na yi kuskure, zan durƙusa gaban Baba in ba shi haƙuri. Amma maganar zaɓe... hasken idona, kar ki ce in janye ta. Ba zan iya ba."

 Haushinsa take ji sosai, amma kuma wannan taurin kan ne ya sa ta so shi tun farko, lokacin da ya zo gyara firjin allurai na kantinsu ya ƙi yarda ya yi aikin ha'inci.

"Ban ce ka janye ba," ta ce. "Ka dai wanke hannun nan kafin ka taɓa ni."

Ranar hutunta suka tafi. Falon Baba cike yake: Baba a kujerarsa ƙarƙashin babban hoton Dattijo, Yaya a gefensa, baffanninta biyu, Mama kuwa tana bakin ƙofar kicin tana murza gefen mayafinta.

Injiniya ya durƙusa har ƙasa. "Baba, na yi maganar da ba ta dace ba. Kai ubana ne, ban isa in yi maka ba'a ba. Ka yafe mini."

Baba bai dube shi ba. "A gaban duniya ka yi, a gaban duniya za ka gyara."

Yaya ya zaro sabuwar hula daga leda, ya jefa masa a gaba, ya ɗaga waya. "Sa ta. Ka ce sharrin shaiɗan ne, ka dawo hanya, Dattijo za ka zaɓa. Yanzu zan watsa."

"Yaya, zan faɗa a bidiyo cewa na yi rashin kunya. Amma ba zan ce zan zaɓe shi ba, don ba zan zaɓe shi ba."

"Ka ji ko, Baba? Ka ji!"

Baba ya gyara zama. Muryarsa ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi ba Auta tsoro. "Shi ke nan. Tashi ka tafi. Ita kuma ta zauna a nan har ka yi hankali. Auta, wuce ɗakin uwarki."

Duk rayuwarta, Baba bai taɓa cewa wuce ta tsaya ba. Ita ce 'yar gaban goshinsa, ita ce ke karanta masa jarida tun idonsa ya fara rauni. Amma yau ba ta nufi ɗakin Mama ba. Ta sunkuya ta ɗauki hular, ta kaɗe ta, ta ajiye a kan tebur gaban Yaya.

"Mijina ba zai sa hularku ba."



"Me kika ce?" in ji Baba.

"Baba, ka yi haƙuri... ya zage mu, ya ba da haƙuri, ni ma na yi masa faɗa fiye da wanda za ku yi masa. Amma so kuke ya yi ƙarya a gaban duniya, sannan in koma in zauna da maƙaryaci? Kai ka koya mini cewa mutum bakinsa ɗaya ne!"

"Ke! Baba kike faɗa wa haka?" Yaya ya miƙe.

"Yaya, zauna! Kai da Dattijo bai san ko da sunanka ba, za ka kashe mini aure saboda shi? In ya ci, zai zo ya riƙe ni? In ya faɗi, Lauya ne zai share mini hawaye?"

Wani baffa ya ce, "Yarinyar nan an juyar mata da kai."

"Ba wanda ya juyar mini da kai, Baffa. Kaina yana nan inda yake, mijina ma yana nan inda yake, kuma gida ɗaya za mu kwana."

Hawaye na zuba a fuskarta, amma ba ta share ba. Baba ya nuna ƙofa da sandarsa.

"In kika bi shi, kar ki dawo."

"Zan dawo, Baba. Kullum zan zo in gaishe ka, ko ka amsa ko kar ka amsa. Amma yau mijina zan bi."

A waje Injiniya ya riƙe hannunta. "Masoyiyata, ki koma. Ba na son ki rasa mahaifi saboda ni..."

"Tada babur ɗin nan kafin in fasa."

Abin bai zo da sauƙi ba. Kafin su isa gida Yaya ya cire ta daga guruf ɗin hirar iyali na waya. Rabin masu kawo wa Injiniya gyara suka ɗauke ƙafa. Mutanen Lauya kuma suka zo da riguna da kyamara, wai su mai da shi gwarzonsu, ya sake maimaita maganar asibitin ido. Ya kore su, su ma suka koma suna cewa an saye shi. A kanti, wasu sukan karɓi magani daga hannunta suna harararta, wasu su yi mata kirari, duka biyun ba ta kula su.

Gaisuwa kuwa ba ta fasa ba. Kowace safiya kafin aiki sai ta biya, ta durƙusa a bakin falo. "Baba, ina kwana?" Shi kuma sai ya ƙara wa rediyo murya. Mama ta raka ta ƙofa tana kuka ƙasa-ƙasa. "Ki yi ta zuwa, 'yar nan. In kin tafi fa sai ya tambaye ni ko kin rame."

Wata rana ta dawo gida ta fashe da kuka a kafaɗar mijinta. Ya rungume ta, ya ce, "Bari in je in sa hular nan kawai, a huta."

Ta ɗago da jajayen idanu. "Ka sa ta, ni kuma ranar zan bar maka gidan. Duk wannan wahalar da na sha a banza?"

Ya yi dariya, idonsa ya cika da ƙwalla. "Allah ya bar mini ke, Likita."

Ranar zaɓe suka fita tare da hantsi. Layi ya yi tsawo a harabar makarantar unguwa, kuma ba wanda ya tsara, amma mutane sun ware kansu, kowa yana raɗa da nasa. Suna shiga aka fara nuna su da baki. Auta ta ɗaga kai, ta ƙara matsowa kusa da mijinta.

Can gaba ta hango Baba a kan benci a inuwa, Yaya na tsaye a kansa. Ta ja Injiniya suka je suka durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

Yau babu rediyon da zai ƙara wa murya. Ya dube ta, sannan ya dubi mijinta.

"Kai. Ka sake ra'ayi?"

"A'a, Baba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Baba."

"Na ji an ce mutanen Lauya sun zo maka da kyamara ka kore su."

"Haka ne. Na zage ka sau ɗaya, ba zan ƙara ba."

Baba ya buga sanda a ƙasa. Sannan ya juyo gare ta. "Ke fa? Kina nan tare da mu dai ko?"

Ta san amsar da yake so, kuma ta san amsar gaskiya ce, ba abin da zai hana ta faɗa. Amma ta dubi idonsa ta ce, "Baba, ƙuri'a sirri ce. Ni 'yarka ce ko wa na zaɓa."

Yaya ya buɗe baki. "Baba, ka ji rashin..."

"Rufe mini baki, kai kuma!" Baba ya girgiza kai, ya kasa ɓoye murmushin da ya taso masa. "Wannan taurin kan... ban san inda kika samo shi ba."

"Mama ta ce a wurinka ne."

Ya yi wata 'yar dariya, ya sa gefen rigarsa ya goge ido. Daidai nan aka kira dattawa su fara shiga. Yaya ya miƙa hannu zai ɗaga shi, Baba ya ture hannun, ya miƙa wa Injiniya nasa.

"Zo ka kai ni bakin akwatin, ɗan adawa. Ina so ka gani da idonka yadda zan kashe taka ƙuri'ar."

"To Baba, ni kuma in na shiga in rama."

"Ka rama. In kun gama ku biyo gida, uwarku ta ishe ni da kuka."

Auta ta koma wurinta a layi, hawaye na gangaro mata, tana kallon su biyun suna tafiya a hankali, suna musu tun kafin su kai ƙofa.