Saura Ginshiƙi Ɗaya

Kamilu direban tifa, bakinsa ya fi motarsa ƙara. Sau biyu kacal ya kai tsakuwa Abuja, amma a teburin mai shayi sai ya rantse rabin birnin da dutsensa aka gina.

A wurin fasa dutse na bayan garin Dutse akwai ƙa'ida: ba a lodi in rana ta yi ja, kuma ba a taɓa dutse sai an yi masa sallama. Ranar nan, rana ta riga ta yi ja, Baba Barau mai gadi ya tare Kamilu.

"Ɗan nan, bari sai da safe. Masu wurin sun dawo."

"Baba, in gidansu ne su nuna takardar fili."

Ya cika mota, ya hau hanyar Jahun.

Bai yi nisa ba kwalta ta canza. Ta yi faɗi, layi takwas, ba rami ko ɗaya. Ƙarar inji ta ɗauke, mota kuwa na tafiya. Gine-ginen gilashi suka taso hagu da dama, wani a murɗe kamar igiya, wani a tsaye kan tsininsa. Ba ƙofa, ba kiran salla. Sai warin ɗanyen siminti.

"Kai ne mai gina birane?"

Wata tsohuwa ce zaune a kujerar gefensa, gashinta fari fat da garin dutse.

"Iya, wasa nake."

"Ɗakina ka kwashe. Muna sabon gini, saura ginshiƙi ɗaya."

Ta nuna da haɓa. Ginshiƙan wani babban gini mutane ne a tsaye, siminti har wuya, idanunsu na bin motar. Na ƙarshe Talha ne, direban da ya ɓace bara. Kusa da shi rami a buɗe.

Ƙafar Kamilu ta hagu ta yi sanyi.

Ta yi nauyi.

Sanyin ya kai gwiwa.

Ya damƙi sandar juye kaya ya ja. Bayan tifa ya ɗaga, tsakuwa ta zube.

"Salamu alaikum. Ga kayanku."

"Na yau kenan," in ji ta. "Na Abuja fa?"

Manoma ne suka tsince shi a gonar dawa kusa da Aujara, ƙafar ta koma launin toka.

Yanzu dabino yake sayarwa. In an tsokane shi da labarin Abuja, sai ya ce bai taɓa zuwa ba. Kullum da safe Baba Barau na ganinsa yana jan ƙafa, da tsakuwa cikin hula, ya yi sallama ya ajiye a gindin dutse. Duk ranar da bai je ba, sanyin kan ƙara hawa kaɗan.