Baitin Da Baba Ya Hana A Ƙarasa

"Ya isa! Fita min daga gida!"

Muryar Baba ce ta datse waƙar Wilfred a tsakiya. Masu goge da ke kicin ɗinmu suka sauke hannu.

Lahadi ce bayan coci, maƙwabta sun taru a gidanmu na Derry, a ƙasarmu da Ingila ta mamaye, ana waƙa bi da bi. Ranar na fara kawo Wilfred, ɗan Ingila, ɗan masu haƙar kwal, wanda zuciyata ta zaɓa. Da aka zo kansa sai ya ɗauko waƙar yaron da ya shiga sojan sarkin Ingila!

A gidan da sojojin Ingila suka harbe yayana Malachy...

Na bi Wilfred waje da gudu, ana yayyafi.

"Wilf, me na yi maka? Ka san wahalar da na sha kafin Baba ya yarda ka tako ƙofar nan?"

"Cathal ne ya ce ita Babanki ya fi so, Sorcha..."

Cathal! Mai gogen da ya daɗe yana nemana ina ƙi.

"Ko shi ya faɗa, kai ba ka da tunani?"

"Ba yabon soja ba ne, masoyiyata. Ba ku bari na kai ƙarshe ba."

Na kalli idonsa, ya kaɗa ya yi jajur. Na damƙi hannunsa na ja shi ciki.

"Baba, a gidan nan ba a taɓa katse mai waƙa ba. Kai ka koya min."

"Mai waƙa?" Baba ya yi tsaki. "Mu in mun yi waƙa, mutum ɗaya ke rufe ido ya yi kukan ƙasar da aka ƙwace, da waɗanda jirgin ruwa ya kwashe ba su dawo ba. Su 'yan Ingila me suka rasa? Sai haɗa murya ana dukan tebur!"

"Ka bar shi, Kawu," in ji Cathal yana murmushi. "A jininsu yake."

Wilfred bai ko kalle shi ba.

"Gaskiya ne, Baba, mu ba baƙo ne ya taka mu ba. Namu ne, masu ramin kwal da masu gonaki. Rami ya rufta da kakana, da safe aka kori kakata daga gidan kamfani. Muna haɗa murya ne saboda a ƙarƙashin ƙasa wanda ba a ji muryarsa ba ya mutu."



"Ƙarasa, ɗana." Mama ce, wadda tun rasuwar Malachy ba ta sake zama wajen waƙa ba. Tana tsaye a bakin ƙofa.

Wilfred ya ɗora waƙar. Ashe yunwa ce ta tura yaron soja. A baitin ƙarshe uwarsa ce ke magana: an kawo mata rigarsa babu shi, tana tsine wa manyan da suka aika shi ƙasar mutane ya kashe, a kashe shi.

Mama ta fashe da kuka.

Baba ya juya a hankali.

"Cathal, kai ka zaɓa masa waƙar?"

"Kawu, wasa ne fa..."

"Da sunan ɗana kake wasa? Ɗauki gogenka."

Ƙofa ta rufu a bayansa. Har yanzu Baba bai dubi Wilfred ba.

Can ya goge fuska da tafin hannu.

"Muryarka kamar ta tsohon jaki, yaro."

"Haka ake faɗa, Baba."

"Amshin nan... sake min shi."

Wilfred ya sake. Mama ta kama, maƙwabta suka bi, daga ƙasa-ƙasa na jiyo muryar Baba.

Da bazara aka ɗaura mana aure. 'Yan Durham, mutanen su Wilfred, suka cika mota suka zo, kuma Baba ne da kansa ya koya musu yin shiru lokacin da na rufe ido na yi wa Malachy waƙa.