Satifiket ɗin da ke Bangon Ofis

Ranar Litinin da hantsi Alhaji Falalu mai albasa ya faɗo ofishin ƙungiyar 'yan lodi da ke Head Bridge a Onitsha, ko sallama bai ƙarasa ba. Buhu tamanin ya ɗora ranar Alhamis zuwa Fatakwal, har yau babu kaya babu labarinsu. Muhyiddeen, mai kula da kwamfutar ƙungiya, ya danna nan ya danna can. Babu lodin, babu lambar mota, babu sunan direba.

"Goge shi aka yi," in ji Muhyiddeen. "Kuma kowa ya san mai jin haushinmu."

Angelina yake nufi. Ita ta gina wa ƙungiya rumbun bayanai da Postgres, manhajar nan ta kyauta, ta riƙe shi shekara huɗu ba a taɓa ɓatar da ko buhun gero ba. Sai bara kwamiti ya farka ya ce dole a samo mai satifiket. Alhaji Bappa, shugaban ƙungiya, ya kawo Muhyiddeen, ɗan ƙanwarsa, aka tura Angelina reshen Fatakwal tana rubuta takardun lodi. Ba a canza babbar kalmar sirri ba, don haka su biyu ne suka san ta.

Awwalu, sakataren ƙungiya, shi ya sa hannu a kan wannan canji, kuma tun ranar ba ya son a ambaci sunanta. Da Alhaji Bappa ya ce a kira 'yan sanda su kamo ta, sai ya ji bakinsa ya riga shi.

"Ranka ya daɗe, a ba ni kwana uku."

Ya fara da reshen Enugu, a Abakpa Nike, wurin akawu Japhet.

"Za ka iya goge lodi?"

"Ni? Oga, abeg. Shigarwa kawai nake iyawa. Ko kuskure na yi, sai na kira Onitsha."

"Wannan na'urar ta ƙarƙashin tebur fa?"

"Anti Angelina ce ta haɗa ta. Kullum tana kwafe abin da ke Onitsha ta ajiye na wata guda."

Japhet ya buɗo kwafin ranar Alhamis. Ga buhu tamanin, ga lambar wata mota da ba ta cikin motocin ƙungiya. Awwalu ya rubuta lambar a bayan katin kuɗin motarsa.

Washegari ya sauka daga okada a Mile 2, Diobu, cikin Fatakwal. Ya tarar da Angelina a wani lungun shago, fanka ta mutu. Ta miƙe ta gaishe shi da ladabi, abin da ya fi zagi yi masa zafi.

"Wa ya san da na'urar Enugu?"

"Ni da Japhet. Amma Oga Sakatare, duk wanda ya ci jarrabawar satifiket ɗin nan, abin da zai fara tambaya a wurin aiki shi ne ina ake ajiye kwafi."

"Muhyiddeen ya taɓa tambayar ki?"

"Ko sau ɗaya." Ta dube shi. "Kun duba lambar satifiket ɗinsa a shafin masu jarrabawar? Minti biyu ne. Ni ma haka na ce ka yi da nawa ranar da na kawo maka ambulan."

Awwalu ya tsura wa takalminsa ido. Ambulan ya tuna shi sarai. Da kwamiti ya fara maganar satifiket, da kuɗinta ta je ta zauna jarrabawar, ta kawo masa sakamako a rufe. Ya jefa shi a durowa, domin Alhaji Bappa ya riga ya yi maganar ɗan ƙanwarsa. Kuma a wurinsu, wanda dattijo ya kawo da hannunsa ba a bin diddigin takardarsa, rashin kunya ne.

Ranar Alhamis kwamiti ya taru. Awwalu ya sauke satifiket ɗin Muhyiddeen daga bango, mai firam ɗin ruwan zinare wanda har baƙi ake nuna wa.

"Ranku ya daɗe, wanda ya goge lodin yana da babbar kalmar sirri, don haka ba Japhet ba ne. Kuma bai san akwai kwafi a Enugu ba. Angelina ita ta haɗa shi. Da ita ce, da can za ta fara gogewa. Motar kuwa na bincika a tasha, ta abokin Muhyiddeen ce."

"Kawu, sharri ne!" Muhyiddeen ya ɗaga murya. "Ga takardata nan!"

Awwalu ya shigar da lambar takardar a wayarsa, ya miƙa wa Alhaji Bappa. Dattijon ya gyara tabarau ya karanta a hankali: "Angelina Bulus." Ya juyo ga Awwalu.

"Yaya aka yi lambarta ta hau takardarsa?"

"Daga durowata ya ɗauka, ranka ya daɗe, satin da aka ba shi ofis." Muryar Awwalu ta yi ƙasa. "Ta kawo mini sakamakonta a ambulan tun kafin ya zo. Ban buɗe ba, ban kuma gaya muku ba."

Alhaji Bappa bai dubi ɗan ƙanwarsa ba, bai dubi Awwalu ba. Cewa kawai ya yi a kira 'yan sandan da aka so a kira ranar Litinin. Kafin la'asar Muhyiddeen ya faɗi siton da aka ɓoye albasar, rabinta ya fara ruɓewa.

Kwamiti ya ce a buga wa Angelina waya ta dawo bakin aikinta. Awwalu ya ce a'a, da ƙafarsa zai je. Ya sake shiga motar Fatakwal da ambulan a aljihu, duk hanya yana shirya kalmomin ban haƙuri, har ya tsaya a gabanta. Hannu biyu ya sa ya miƙa mata.

Ta juya ambulan, ta ga inda aka yage bakinsa.

"Kai ka buɗe, Oga?"

"A'a."

Ta gyaɗa kai, ta saka shi a jaka. "To, ko ba komai ɓarawon dai ya karanta."