Littafin Da Ta Ɗinke A Baibai

Ranar da ya fara shiga shagon ɗinkin littattafai na babanta, leda ya rungumo kamar mai kai mara lafiya asibiti. Ya zazzage ta a kan tebur. Tsohon littafi ne, zaren ya tsinke, takardu sun warwatse, ɓera ya cinye kusurwar da lambobin shafi suke.

Ta ɗaga bangon da yatsa biyu. Hoton wani ƙato ne zaune a inji mai kama da kujerar aski.

"Wannan kuma labarin me ne?"

"Wani ne ya ƙera injin komawa baya cikin zamani, don ya gyara kuskurensa."

"Ya gyaru?"

"A'a, ƙara ɓatawa ya yi."

Ta taɓe baki. "To ai ba sai da inji ba. Kawuna kullum haka yake yi, a ƙafa ma."

Ya yi dariya har ya dafa tebur. Ita kuwa ta tsinci kanta tana kallon wushiryarsa, abin da ya ba ta haushi ƙwarai.

Kuma tana da gaskiya. Littattafan nan duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Mutum da gemunsa zai bar matarsa da aikinsa, ya tafi gaida kakan kakansa, ya kawar da kujera ɗaya, ya dawo ya tarar ba a ma haife shi ba. Amma ga saurayi mai hankali, ma'aikacin kantin magani, yana lallaɓa wannan shirme kamar ƙwai.

Da ta zauna haɗa takardun, ba lambar shafi, sai ta ga kowane babi akwai shekara rubuce a samansa. Ta jera su ƙarama kafin babba, ta ɗinke, ta shafa gam, ta matse. Ya zo ya karɓa yana godiya.

Daga nan shiru. Ya daina biyowa ta ƙofar shagon, shi da har ya fara ƙirƙiro dalilin leƙowa. Ashe ya buɗe ya ga labarin a birkice, ya ɗauka da gangan ta yi don ta yi masa ba'a. Da ta ji hakan daga bakinsa a waya, a daƙile, sai ta ajiye girman kai ta tura masa saƙo:

"Sarkin Jiya, wallahi ba da gangan ba ne. Shekaru na bi, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Laifina ne marubucinku bai san gaba da baya ba?"

Sai washegari amsa ta zo:

"Masifaffiyata, na karanta shi yadda kika ɗinka. Yanzu ya ƙare ne mutumin yana zaune da matarsa, bai riga ya tafi ba. Kin fi marubucin tausayi. Kada ki warware."

"Har yanzu dai shirme ne," ta rubuta.

"Na yarda. Zan zo gobe ki ƙara faɗa min."

Ya zo, ya kuma ci gaba da zuwa, har magana ta kai kunnen Baba, haɗe da labarin ɗinkin.

Baba ya yi tsalle ya dire. "Tunda na buɗe shagon nan ba a taɓa ɗinka littafi a baibai ba sai da yaron nan ya shigo! Wanda kansa ke jiya, ta yaya zai riƙe gida yau? Ban yarda ba."

Dama yana da nasa gwanin, ɗan amininsa, mai sayar da inshora, wanda ta raɗa wa Mai Kwat. Ko rana na narka kwalta, yana cikin kwat. Idan ya zo hira, tarihin nasarorinsa yake karanto mata, ya tsaya a inda ya kamata ta yaba.

"Baba, ni fa ba na son sa," ta ce, idonta ya ciko.

"Ai gara shi da mai hawa kujerar aski zuwa zamanin kakanni."

Wata rana da yamma samarin biyu suka yi kiciɓis a shagon. Baba ya ga dama ta samu ta kunyata Sarkin Jiya a gabanta. Ya ajiye allura ya gyara tabarau.

"To, ga injin naku an kawo. Kowa ya faɗa min inda za shi."

Mai Kwat ya riga kowa. "Ni Baba ba inda za ni. Ban taɓa yin abin da na yi da-na-sani a kansa ba."

Baba ya dube shi, irin kallon da yake wa littafin da aka manna da gam mai arha. Sai ya juya ga ɗayan.

Sarkin Jiya ya sunkuyar da kai. "Ni ba zan gyara komai ba, Baba. Littattafan ma sun nuna ba ya gyaruwa. Zan dai koma wata yamma da mahaifiyata take tsinke min zare a wuyan riga tana mita. In zauna ta gama mitarta. Shi ke nan."

Baba, wanda ya binne matarsa tun 'yar tasa tana firamare, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga.

"Ita ma tawa mitar ce da ita," ya ce a hankali. Sai ya daka tsawa, don kada a ga idonsa: "Ka turo manyanka! Kai kuma," ya juya ga Mai Kwat, "ka gaida babanka."

Mai Kwat ya fita yana gyara kwala, bai ma gane me ya faru ba.

Ranar aure, da za ta bar gida, ta durƙusa gaban Baba tana kuka, ango na gefenta. Baba ya dafa kanta, ya dafa nasa.

"Har gobe ina nan kan bakana, littattafan nan shirme ne," ya ce. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Ku zauna da juna tun kuna tare, ku ji mitar juna har ƙarshe. Allah ya sa kada ɗayanku ya taɓa neman injin nan."

Suka ce amin.