Rigar Sanyi Zuwa Ƙasar Zafi

"Ba zan zauna a Ingila ba, Batulu."

Cokalin ya suɓuce mata ya faɗa cikin kofi. Suna zaune a wani shagon shayi a unguwar Withington ta Manchester, kusa da ɗakin da Nuru yake haya. Da sassafe ta taso daga Birmingham don bikin kammala karatunsa, ko rigar bikin bai cire ba.

"Me ka ce?"

"Na samu aikin koyarwa a Malesiya. Ɗan ƙaramin gari ne, jami'a ɗaya, kasuwa ɗaya, sai gonakin shinkafa."

"Malesiya! Nuru... ni kuma fa?"

"Ai saboda ke ne, Batuluna."

Ta san inda maganar ta samo asali. Yaya Sunusi, ɗan yayar Abbanta, ya daɗe yana sonta tana kauce masa. Shi ya zaunar da Abba ya ce, "Kawu, an soke bizar aiki bayan karatu. Yaron nan ba Batulu yake so ba, jan fasfonta na Ingila yake so." Abba ya kira Nuru ya gaya masa, ba ta hannun 'yarsa zai samu takardar zama ba.

"Na ce masa na ji," in ji Nuru. "To ga shi, ba na neman takardar kowa. Ke nake nema. Za ki bi ni?"

Hawaye ya cika idonta.

"Ka san amsata, masoyina. Abba ne..."

A gidansu na unguwar Perry Barr a Birmingham ta tarar da Abba a falo cikin rigar sanyi. Tun da ƙaramar hukumar da yake wa aiki ta rage musu kwanakin aiki, ba a kunna hitar ɗumama ɗaki sai la'asar. Ta durƙusa ta faɗa masa.

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Na ce kada ya zauna da sunanki. Ban ce ya kai min ke bangon duniya ba!"

"Alhaji, abin da ka nema ya yi," Umma ta ce a hankali. "Da wane baki za ka hana shi yanzu?"

"In ta yi zazzaɓi fa? Wa ta sani a can? Me za ta ci?"

Ranar Asabar da hantsi Nuru ya zo. Ya gaisa a durƙushe, ya buɗe kwamfutarsa. Sunusi ma yana nan, ya harɗe ƙafa.

"Kawu, ƙauye ne fa. Ko likita babu."

"Abba, ka tambayi wanda yake can," Nuru ya ce. "Malam Halliru ne, mutumin Zariya. Shekararsa shida a garin da iyalinsa."

Fuskar wani mai furfura a gemu ta bayyana a allon kwamfutar. Bayan gaisuwa Abba ya matso, ya gyara tabarau.

"Malam, tsakaninka da Allah, akwai asibiti?"

"Da ƙafa muke zuwa, Alhaji. Can uwargida ta haifi biyu."

"Haya fa?"

"Abin da Nuru yake biya a ɗaki ɗaya a Manchester, nan gida ne sukutum, har da mangwaro a tsakar gida."

"Nama?"

"Duk halal ne. Daddawa da kuka kawai muke roƙon masu zuwa daga gida."

"Hita tana cin wuta sosai?"

Halliru ya ƙyalƙyale da dariya.

"Hita? Alhaji, fanka muke nema!"

Har Umma sai da ta dara.

Sai wata murya ta ratso ta tagar Halliru. A can magariba ta yi, ladan ne yake kira daga masallacin unguwa. Shekara ashirin da biyu rabon Abba da jin kiran salla ta tagar gidansa, sai dai daga agogon bango.

Ya cire tabarau ya goge ido.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ta. "Kina so?"

Batulu ta rufe fuska da mayafi.

"Ina so, Abba."

"Sunusi, ka ce fasfo yake nema. Ga fasfon ya bari, ga shi kuma bai rabu da ita ba." Abba ya juya ga Nuru. "Ka turo manyanka."

Sunusi ya ɗauki makullin motarsa ya fita.

An ɗaura aure bayan sallah ƙarama. Ranar tafiya, tana rufe akwati, Abba ya shigo rungume da wata sabuwar rigar sanyi mai kauri.

"Abba! Ba ka ji Malam Halliru ba? Can babu sanyi."

"Na ji."

Ya ninke ta da kansa, ya danna ta a saman kayan.

"Nan akwai. Ki ajiye ta kusa, don ranar da za ki zo ganina."